Kwalliyar da Na Yi wa Ruwan Rijiya

Marigayi mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya haƙa rijiya kafin ya gina ɗaki. Da muka tare a Mayo Gwoi, a rumfar zana muke kwana, amma rijiyarmu har da bakin dutse. Na ce masa, “Malam, mutane suna farawa da rufin kai, kai ka fara da rami?” Ya ce ɗaki mu kaɗai zai amfana, rijiya kuwa duk wanda ya sha, lada zai bi shi har kabari. Da zai rasu ya bar mini ita amana. Ya ce kada a sa mata kwaɗo, kada a hana kowa, ko da wanda muka yi faɗa da shi da safe ne.

Shekaru suna tafiya, rijiya tana nan. Rani ya yi rani, rijiyoyin layinmu su ƙafe, masu kura su riƙa yanga da jarkokinsu, tamu ko gezau. Mata su shigo da bokiti, su fita da ruwa da labari. Ni kuma ina gindin mangwaro da carbina, ina amsa gaisuwa.

Maƙwabciyata ta jikin katanga tsohuwar Bafulatana ce. Tare muka tsufa, tare haƙoranmu suka zube. Ni ina ce mata Goggo, ita tana ce mini Kaɗo. Tana da rijiyarta, amma kowane rani a tamu take ƙarewa. Ta cika moɗa, ta shanye, ta goge baki, ta ce, “Ndiyam ɗin Haɓe, ko daɗi babu.” Ruwanmu na Hausawa take nufi. Sannan ta miƙo moɗar a ƙara mata.

To, shekarar da zan ba ku labarinta, ruwan farko ya zo da ƙarfi. Kogi ya cika ya hau gonakin bakin gaɓa, kwata ta haɗe da hanya, sai ga amai da gudawa ya shigo gari. Mai unguwa ya aiko a faɗa gida-gida cewa ma'aikatan duba-gari za su zo su ɗebi ruwan kowace rijiya su kai a gwada, wadda aka samu da cuta a shafa mata jan fenti. Iyakar abin da mai unguwa ya faɗa ke nan. Amma kafin maganar ta iso gindin mangwarona ta yi ƙiba. Wai daga jan fenti sai tifa ta zo da yashi, a cike rijiya, a daɓe kanta da siminti. Na ji, na ci gaba da jan carbi, amma ban san abin da nake ja ba.

Wata Talata da hantsi aka yi sallama. Su biyu ne. Namijin ya tsaya a zaure riƙe da kula, irin wadda ake sa ƙanƙara a ciki, macen ta shigo. Yarinya ce, ba za ta girmi jikata ta fari ba, da farar riga, takalminta ya sha taɓo. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Daga gaisuwar na san 'yar gidan mutunci ce, na kuma san zan iya da ita.

Ta fito da 'yar kwalba a rufe. “Mama, ruwan rijiyarku za mu ɗiba kaɗan.”

“Jabbama, sannu da zuwa, 'yata. Shigo ɗaki ki zauna tukuna.”

“Mama, akwai sauran gidaje a gaba.”

“Gidajen ba gudu za su yi ba.”

Na kai ta ɗakina, na shimfiɗa mata darduma, na ajiye mata soyayyiyar gyaɗa. Ta ci ƙwaya biyu don kunya, ta miƙe za ta rijiya. Sai na zare kwalbar daga hannunta.

“A gidan nan baƙo bai taɓa jan guga ba. Ba a kanki za a fara ba.”

“Mama, doka ce. Ni ce zan ɗiba da hannuna.”

“Dokar ta girme ni?”

Ta yi dariya, ta sunkuyar da kai. Me za ta yi, ta yi kokawa da tsohuwa? Ta ce to, amma kada in taɓa bakin kwalbar, kada in ɗauraye ta, daga guga sai ciki. Na ce na ji.

Na je na ja guga. Abin da ya fito, jama'a, ruwa ne, amma kamar an wanke sabuwar tukunyar ƙasa a cikinsa. Ja-ja, da 'yar ƙura tana yawo. Kowace damina haka yake yi, bayan kwanaki ya kwanta, mun saba. Amma abin da ka saba da shi a cikin gida daban, abin da za a ɗauka a kai wa gwamnati daban. Na tsaya da guga a hannu ina ganin manyan mutane da tabarau sun ɗaga kwalba sama suna cewa, “Wannan kuma na gidan wa?” A ce na gidan Malam. Sai na ji ƙarar tifa a kunnena.

Ni kuwa tun ina amarya ban taɓa ba baƙo ruwan da muke sha ba. Ruwan baƙo a gidana daban yake. A jefa masa alam ya kwanta, a tafasa, a tace da farin ƙyalle, a zuba a tulun da aka turara da kajiji. Kullum akwai shi a ajiye a bayan madafi, don ba a san ranar da surukai za su faɗo ba. Idan surukai sun isa a yi musu haka, gwamnati fa? Ko 'yarka za ka kai gidan miji sai ka yi mata wanka ka sa mata lalle. Na zubar da na gugan, na karkata tulu, na cika kwalba. A raina na ce ai ba ƙarya na yi ba. Daga rijiyar nan ya fito. Kwalliya kawai aka yi masa.

Na waiwayo, sai ga matar babban ɗana a bakin madafi da muciya a hannu, tana kallona.

“Inna...”

“Tuwonki zai kama.”

Ta koma ciki.

'Yar duba-gari ta ɗaga kwalba wajen taga, ta juya ta. “Mama, da damina ma haka ruwanku yake?”

Na ce, “Albarkar marigayi ce.”

Allah ya yafe mini, har shi na jawo ciki.

Bayan 'yan kwanaki suka dawo da gwangwanin fenti. Rijiya biyar ce a layinmu, huɗu suka sha ja, har da ta Goggo. Mu kuwa takarda aka manna mana a zaure, da hatimi a ƙasanta. Na leƙa ta katanga na ce, “Goggo, ashe ba ƙafarki kaɗai ake sa wa lalle ba?” Ta ce, “Kaɗo, goro nawa kika ba su?” Na ce gyaɗa biyu.

Daga ranar gidanmu ya zama kasuwa. Matan gidajen da aka shafa wa ja duk suka dawo mana, har daga unguwar Barade ake zuwa da jarka, an ji labarin rijiyar da gwamnati ta yaba. Layi tun daga zaure. Na ɗauro zanen fita, na gyara zama a gindin mangwaro. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Kwana shida ina jin daɗi, in abin ya taso mini a ƙirji in danne shi da cewa ai shekara da shekaru muna sha, wa ya mutu?

Cikin masu zuwa akwai wata 'yar Mumuye mai sayar da doya, tana haya a bayanmu, Hausarta ba ta raba namiji da mace. Tana da 'ya mace da ta fara tatata, mai kumatu, kowa na son ɗaukarta. A rana ta bakwai da safe ta shigo ba jarka, da tiren doya a ka, yarinya a baya. Kan yarinyar ya langaɓe, idonta ya faɗa.

“Mama, ajiye mini doya. Zan kai shi asibiti, tun jiya yana gudawa.”

Na ce, “Me ta ci? Me ta sha?”

“Ruwanka ne kawai, Mama. Amma ba ruwa ba ne. Da ina dafawa, da gwamnati ya ce naka yana da kyau sai na daina. Wataƙila mangwaro ya tsinta a ƙasa.”

Ta fita da sauri. Na zauna da tiren doya a gabana. Matar ɗana ta kawo mini kunu, ta durƙusa ta ajiye, ba ta kalle ni ba. Ta ce, “Inna, ni dai tun ranar nan ban daina tafasa na yara ba.” Ta tashi ta koma madafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je jikin katanga na kira Goggo, na faɗa mata komai. Ta fara dariya har ɗankwalinta ya zame. “Kaɗo! Kin aika wani ya zauna wa ɗanki jarrabawa!” Sai na gaya mata maganar 'yar mai doya. Dariyar ta ɗauke. Ta ce, “To, me kike jira a nan?”

Abin da nake jira shi ne Malam. Ya ce kada a sa kwaɗo, kada a hana kowa. Na yi ta juya maganar, sai na ga bai ce kada a zauna a kanta ba. Na sa aka ɗauko tsohon ƙyaure aka kwantar a bakin rijiya, na shimfiɗa tabarma a kai, na hau na miƙe ƙafa. Matan da ke layi suka yi cirko-cirko.

“Hajiya, lafiya?”

“Ba lafiya ba. Ruwan da aka kai aka gwada dafaffe ne, ni na zuba. Wanda kuka ɗiba jiya, ku je ku tafasa. Yau ba ɗiba.”

Sau ɗaya na zaci zan faɗa. Amma kowace ta shigo sai ta tambaya, sai in sake daga farko. Wata ta riƙe baki, wata ta yi salati, wata ta fita tana ƙunshe dariya a mayafi. Kafin azahar na faɗa ya fi sau ashirin, kuma bai yi sauƙi ko sau ɗaya ba.

Na ɗora matar ɗana a kan tabarmar, ni da Goggo muka hau keke napep zuwa ofishin duba-gari. Goggo ta ce ba rakiya ta zo ba, kallo ta zo. Muka samu yarinyar da ta ɗebi ruwan a teburinta. Tun kafin in kai ƙarshe ta ɗora hannu biyu a ka.

“Mama, kin kashe ni!”

Ta kai mu wurin ogansu, dattijo mai furfura. Na sake faɗa, wannan karon da alam da kajiji da farin ƙyalle, ban rage komai ba. Na ce kuma kada a taɓa yarinya, ta faɗi dokarta, ni ce na fi ƙarfinta. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce a aikin nan ya ga masu ɓoye awaki a ɗaka, ya ga masu share tsakar gida suna jin sallamarsa, amma bai taɓa ganin wadda ta yi wa ruwa wanka ba. Sannan ya daina murmushi.

“Hajiya, ba kyan ruwa muke dubawa ba. Abin da muke nema ido ba ya ganinsa. Ruwa yana iya zama garau ya kwantar da gida guda. Takardarmu kuwa mutane sun yarda da ita, shi ya sa suka daina dafawa.”

Na ce na sani, na gani goye a bayan mai doya da safe. Sai na ce, “Ranka ya daɗe, yaushe tifar za ta zo?”

“Wace tifa?”

“Ta yashi.”

Ya kalli yarinyar, ta kalle shi. Ya ce su ba su da tifa, babur ɗin ofis ma sai an tura. Ba cike rijiyoyi suke yi ba, gyara suke so a yi. Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. “Duk wannan don tifar da babu.”

Washegari yarinyar ta zo da sabuwar kwalba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar da, sannan ta ce, “Mama, ki zauna can, hannuwanki a kan cinya.” Goggo ta zauna kusa da ni tana gadi. Yarinyar ta ja guga da kanta, ta zuba jan ruwan nan yadda Allah ya yi shi, ta rufe. Ta ɓanɓare takardar zaure ta ninke. Sai ta tsaya tana dube-dube.

“Mama, me ke bayan wannan katangar?”

Salga ce. Babban ɗana ya haƙa ta shekara biyu da suka wuce, da ya gina wa 'yan haya ɗakuna. Tunda katanga ta raba, ban taɓa haɗa ta da rijiya a raina ba. Yarinyar ta auna da taku daga bakin rijiya, ta zagaya ta ƙarasa. Ta ce ko rabin nisan da ake so bai kai ba, kuma ƙasa ba ta san katanga ba. Damina ta cika ta, abin da ke can sai ya tsiyayo nan. Na tuna duk moɗar da na sha a shekara biyun nan, na nemi goro na tauna.

Sakamako ya fito yadda kuke zato. Ina tsaye aka shafa wa rijiyar Malam jan fenti, aka rubuta cewa na wanki ne kawai. Goggo tana nan, kuma ko zolaya ɗaya ba ta yi mini ba. Wannan karamcin nata ban manta da shi ba.

'Yar mai doya ta kwana biyu a asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya tashe ta. Da aka sallame su na ɗauki tiren doyar da kaina na kai har ƙofar ɗakinsu. Na faɗa wa uwar abin da na yi, ko da yake ta riga ta ji a bakin mutane. Ta karɓi tirenta, ta shiga, ta saki labule. Daga ranar in za ta wuce ƙofarmu sai ta tsallaka ɗaya gefen hanya.

Saura maganar salga. Babban ɗana ya zo ya zauna a bakin ƙofata yana jan gemu. Ya ce tashin salga ba ƙaramin aiki ba ne, zamani ya canza, ga bohol a kan layi, a bar rijiya ta zama ta wanki kowa ya huta. Na bar shi ya gama.

Na ce, “Ubanka ya haƙa rami don mutane su sha. Kai ka zo ka haƙa naka a gefensa don mutane su...”

“Inna, ya isa. Za a yi.”

Aka zuba wa salgar toka da ƙasa aka rufe, aka haƙa wata can ƙarshen fili ta gangare. Aka kira masu yasa suka shiga rijiya. Abin da suka fito da shi sai da unguwa ta taru: guga huɗu, takalman yara ba adadi, murfin tukunya, da butar Goggo wadda ta yi shekara bakwai tana cewa almajiran unguwa ne suka sace. Aka shafe ciki da siminti, aka ɗaga baki har ƙugu, aka yi daɓe kewaye don kada ruwan wanki ya koma, aka sa murfin ƙarfe. Aka ce guga ɗaya tak, a rataye a sanda, igiya kada ta taɓa ƙasa. Aka zuba maganin ruwa, kulorin suke ce masa, gida ya ɗauki warin asibiti.

Sai jira. Damina ta wuce muna sayen na bohol, ni da ban taɓa shan ruwan wani ba. Da kaka ta yi 'yar duba-gari ta zo ta ɗiba, bayan makonni ta sake zuwa ta ɗiba, duka biyun ina zaune da hannuwa a cinya. Sannan ta zo da kananzir da tsumma ta goge jan fentin da hannunta. Ta ce, “Mama, yanzu a sha. Amma za mu riƙa dawowa.” Na ce ƙofa a buɗe take.

Layin da ake yi bai dawo ba. Da yawa sun saba da bohol, wasu kuma in an ce rijiyar Hajiya sai su yi murmushi. Mutum uku, mutum huɗu a yini. Ina zaune ina ƙirga su, kuma wadda nake jira ba ta cikinsu.

Sai wata Juma'a da safe, na yi wanka na ɗaura zanena mai kyau, na ji sallama. Mai doya ce, da jarka a hannu, yarinyar tana biye da ita riƙe da gefen zani, kumatun sun dawo. Ta tsaya nesa kaɗan.

“Mama, ina kwana.”

“Lafiya lau, 'yata. Ya mai jiki?”

“Ya warke. Zan ɗiba. Amma zan dafa.”

“Dafa. Ko takarda goma suka manna, ki dafa.”

Ta buɗe murfi, ta sauke guga daga sanda. Yarinyar ta rarumi igiya tana ja. Uwar ta ɓanɓare hannunta, ta sake kamawa. Ta duba hagu, ta duba dama, babu kowa a tsakar gida sai ni. Ta kalli yarinyar. Sai ta ɗago ta, ta zo ta ɗora mini a cinya.

“Riƙe mini shi, Mama.”

Na riƙe. Guga yana sauka, guga yana hawa, jarka tana cika, sai na ji ɗumi yana bin cinyata. 'Yar nan ta jiƙa mini zanen Juma'a sharkaf, tana kallona tana dariya da haƙora huɗu. Na dai miƙe da ita a hannu, na ƙara matsawa nesa da rijiya.